Rinin Kaki Mai Launuka: Sharhi a Kan Kiransa Adiren Gargajiya

Akwai wani irin yadi da ya daɗe da zama ɗan gari a ƙasar Hausa, wanda wasu ke kira kampala, wasu su ce adire, wasu kuwa su haɗa shi da atamfa su huta. Yadi ne na auduga, sau da yawa farar shadda, wanda aka shafa wa narkakken kaki ko aka buga masa shi da hatimi, sa'an nan aka tsoma shi a rini sau biyu ko uku, ya fito da ja da ɗorawa da tsanwa da shunayya a jiki guda. A rubuce-rubucen da ake yi domin baƙi masu yawon buɗe ido, da ma a bakin wasu masu koyar da zane a makarantu, ana gabatar da wannan yadi a matsayin rinin gargajiya na Yarabawa, watau abin da aka gada kaka da kakanni. Wannan magana tana da gyara. Ta haɗa abubuwa uku waɗanda ba tare aka haife su ba, watau adire da kaki da yawan launi, ta lulluɓe su da kalma guda, kuma a cikin lulluɓin nan an tauye wa tsohon rini haƙƙinsa, an kuma hana sabon a auna shi da ma'aunin da ya dace da shi.

Ba a banza batun ya shafi mai nazarin Hausa ba. A ɗauki Kakangi, a ƙasar Birnin Gwari, alal misali. Ƙasar nan ta daɗe a kan hanyar da ke haɗa Kano da Zariya da ƙasashen Nufe da Yarabawa; ta Birnin Gwari Kilafatan ya bi a 1826 a kan hanyarsa daga bakin teku zuwa Zariya da Kano, kuma hanyar mota da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Birnin Gwari da Tegina ta nufi Ikko ta ɗauki kayan Kudu zuwa Arewa shekara da shekaru, kafin ta'addancin 'yan bindigar daji ya sa matafiya da yawa su ƙaurace mata a shekarun 2010. Tufafi iri biyu sun daɗe suna gamuwa a irin wannan wuri: baƙin rini mai sheƙi daga Arewa, da zane mai ado daga Kudu. Matar Kakangi da ta ɗaura kampala ranar suna ba ta ɗauke shi baƙon abu ba. Amma ɗanta da zai karanta a makaranta cewa abin da ta ɗaura ya yi ɗaruruwan shekaru a wannan kama, an koya masa abin da ba haka yake ba.

Kalmar adire a Yarabanci ta ƙunshi ma'anar ɗaurewa da rinawa, kuma nan asalin sana'ar yake. Mace takan ƙulle wasu sassan yadi da zaren rafiya, wani lokaci da tsakuwa ko ƙwayar hatsi a cikin ƙullin, ta tsoma a baba. Inda aka ƙulle ya fito fari ko shuɗi mai haske. Wannan shi ne oniko. Akwai alabere, wanda ake ɗinke yadin da allura a tsuke zaren kafin a rina. Sa'an nan akwai eleko, wanda ya samo sunansa daga eko, watau agidi, domin abin da ake shafawa talge ne na garin rogo da aka dafa da alif. Ana zana shi da gashin kaza ko tsinken kwakwa, ko kuma a shafa shi ta cikin farantin ƙarfe da aka huda. Eleko kansa ba tsoho ba ne can-can. Ya bunƙasa ne a farkon ƙarni na 20, a Abeokuta da Ibadan, bayan da farin yadin Turai mai santsi ya wadata, domin ba a iya jan layi siriri da gashin kaza a kan saƙin hannu mai kaushi. Duk nau'o'in nan uku launinsu ɗaya ne, shuɗin baba, daga mai haske zuwa wanda ya kusa baƙi. Itacen da Yarabawa ke samun babansu, wanda suke kira elu, shi ne talaki a Hausa, ba irin baban da manoman Kano ke shukawa ba.

Kaki da launuka daga baya suka zo. Sunan ma ya tona asiri: alabela, daga abela, watau kyandir. Kakin kyandir ne, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur, ba kakin zuma ba. Dabarar kare yadi da kaki kuwa gidanta tsibirin Jawa ne a Indunusiya, inda ake kiranta batik, kuma Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da sunan wannan ƙasa a 2009. Turawan Holan sun kwaikwayi batik da inji a ƙarni na 19, kamfanin da ya zama Vlisco an kafa shi a Helmond a 1846, kuma ta wannan hanya idon mutanen Afirka ta Yamma ya saba da adon kaki tun kafin hannunsu ya saba da shi, domin atamfar da ake kira 'yar Holan jikar batik ce. Yin sa da hannu, da launukan kanti, sai a shekarun 1960 ya yaɗu a ƙasar Yarabawa. A Oshogbo, masu zane da suka taso a kewayen ƙungiyar Mbari Mbayo, wadda aka kafa a 1962, sun mai da batik abin ratayawa a bango, kuma daga wannan zuriya Nike Davies-Okundaye ta fito. A kasuwa kuwa sabon yadin ya sami sunan kampala, wanda ake dangantawa da taron sulhun da aka yi a birnin Kampala na Yuganda a watan Mayu 1968, ana tsakiyar Yaƙin Basasa. Yadin da ya ci sunan wani taro na 1968 yana da shekarunsa a rubuce a goshinsa.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Ai shekara hamsin da ɗoriya ta isa abu ya zama al'ada. Gaskiya ne, kuma ba a ce kampala ba ta Yarabawa ba ce. Tasu ce, su suka raine ta. Matsalar ita ce abin da kalmar gargajiya ke ɓoyewa. Tana nuna kamar sana'ar ta zauna wuri guda ba ta motsa ba, alhali kuwa babban abin yabo a tarihin adire shi ne motsinsa. Littafin Judith Byfield, The Bluest Hands, na 2002, wanda ya bi tarihin mata marina na Abeokuta daga 1890 zuwa 1940, ya nuna wannan a fili. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fitar da baban kanti a 1897, sai ga shi a hankali ya iso Abeokuta tare da soda mai ƙuna, matan suka karɓa domin yana rage kwanakin aiki. Masu saye suka yi kukan cewa yadin yana zuba yana kuma ruɓewa, Alake Ademola na Biyu ya hana amfani da su, matan suka ƙi, rikicin ya yi tsanani a shekarun 1930 har sai da aka kafa kwamitin bincike. Watau gardamar da ake yi yau a kan mene ne adire na ainihi, an yi irinta kafin a haifi kampala da kusan shekara talatin. Ƙarfin littafin Byfield shi ne ya ɗauki marina a matsayin 'yan kasuwa masu bashi da riba da siyasa, ba masu tsaron kayan tarihi ba. Iyakarsa kuwa ita ce ya tsaya a 1940. Littafin da Jane Barbour da Doig Simmonds suka shirya, Adire Cloth in Nigeria, wanda Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan ta buga a 1971, hankalinsa yana kan rinin baba da sunayen zane-zanensa, ko da yake ya fito ne daidai lokacin da launuka ke cika kasuwa. Ɗalibin da ya karanta su biyun zai san shuɗin adire ciki da bai, amma in an miƙa masa kampala ba shi da abin auna ta.

To da me za a auna ta? Sai an duba abin da kowane abin kariya ke iyawa da abin da ba ya iyawa, domin daga nan adon ke fitowa. Talgen rogo ba ya jure ruwa. In yadin ya daɗe a tukunya sai talgen ya jiƙe ya saki, saboda haka ake tsomawa a ciro da sauri, a shanya, a sake, sau da yawa. Fuska ɗaya kuma ake shafa wa, shi ya sa bayan eleko ke fitowa shuɗi kusan bai ɗaya, kuma farin gabansa ba fari fat ba ne, shuɗi ne mai haske kamar sararin sama da hantsi. Wannan rauni shi ya haifi kyawunsa. Da yake launi ɗaya ne, duk nauyin ado ya koma kan layi. Mai zanen takan raba yadin gida-gida, ta cika kowane gida da tsuntsu ko ƙadangare ko ganye ko cokali, ba ta barin fili. Zanen da ake kira Ibadan dun, watau Ibadan da daɗi, yana ɗauke da ginshiƙan zauren Mapo da aka gina a 1929. Wanda ake kira Oloba ya samo asali daga hoton Sarki Joji na Biyar da Sarauniya Maryamu na bikin cikarsa shekara 25 a kan gadon sarauta a 1935, aka yi ta kwaikwayonsa daga faranti zuwa faranti har fuskokin suka koma wasu halittu dabam. Yadi ne mai suna, mai magana, wanda ake karantawa.

Kaki ba haka yake ba. Yana ratsa yadi gaba da baya, yana jure ruwan sanyi komai daɗewa, ba ya fita sai an tafasa. Wannan ne ya ba da damar a rina, a rufe wani sashe, a sake rinawa da wani launi. Amma yana daskarewa da sauri a bakin buroshi, ba ya ba mai zane sukunin da gashin kaza ke ba ta, don haka aka koma ga hatimin katako ko na soso, da yayyafi, da zubawa. Layi ya yi kauri, gidajen nan masu tsuntsaye suka ragu, sunaye suka yi ƙaranci. In da ma'aunin eleko za a auna kampala, to ta faɗi tun ba a je ko'ina ba, kuma haka wasu masu kishin tsohon rini ke yi mata.

Wannan hukunci bai yi adalci ba, domin gwanintar kampala a wani wuri take, watau a jerin launi. Rini ba fenti ba ne. Launi na biyu ba ya rufe na farko, haɗuwa suke yi. Dole a fara da mai haske a ƙare da mai duhu. A rufe inda ake so ya zauna fari, a tsoma a ɗorawa. A rufe inda ake so ya zauna ɗorawa, a tsoma a ja, abin da ya rage ya koma ruwan goro. Ko a tsoma a shuɗi, ya koma tsanwa. Gwani tun kafin ya narka kaki ya riga ya ga yadin a ƙarshensa, ya san da tsomi uku zai fitar da launi huɗu ko biyar waɗanda suke 'yan uwan juna, domin kowanne yana ɗauke da jinin wanda ya gabace shi. Wannan dangantaka ita ke sa kampala mai kyau ta kwanta a ido duk da yawan launinta. Wanda bai iya ba kuwa, ko dai tsomi na uku ya dagula masa kome ya koma ruwan ƙasa, ko ya guje wa wahalar ya ɗiɗɗiga launuka dabam-dabam a gefe da gefe, ja nan, shunayya can, babu abin da ya haɗa su sai yadin. Irin wannan ta fi yawa a kasuwa, kuma ita ta ja wa sauran baƙin jini. Haka nan tsagar kaki, watau jijiyoyin nan sirara da rini ke bi in kakin ya fashe. A Jawa an daɗe ana ɗaukar yawansu a aikin ƙwarai a matsayin aibi. A nan kuwa an mai da su ado, har ana murƙushe yadin da gangan. In an yi da ƙima suna sassauta kaifin hatimi. In an cika, sai su zama mayafin da ake rufe ƙarancin zane da shi.

A nan ne kwatanci da rinin Hausa ke da amfani, domin marinin Hausa ya bi wata hanya ta uku wadda ba ta layi ba ce, ba ta launi ba. Shi zurfi yake nema da sheƙi. Turkuɗi da rawanin ɗan Kura da riga kore, darajarsu ita ce a rina su har shuɗi ya koma baƙi, sa'an nan a kai mabuga a buga da shuni har su riƙa walƙiya suna bari a jikin mai sawa. Fari a jikin irin wannan tufa aibi ne. Shi ya sa, ko da yake kakin zuma ba baƙo ba ne a ƙasar da ake ɗora amya a kan itatuwa, kamar dazuzzukan Birnin Gwari, bai zama kayan aikin karofi ba. Ba rashin sanin launi ba ne kuma. Karan dafi da rawaya da gangamau suna nan, amma wurinsu jima da dukanci da rinin zare. Ba kuma rashin sanin dabarar kariya ba ne, domin matan da ke ƙulle yadi a cikin gida su aika marina sun san ta, haka ma mai ƙunshin da ke manna salatif a ƙafar amarya kafin ta shafa lalle, a ɓare a ga zane. Zaɓi ne na ido, kuma kasuwar Sahara ce ta ƙarfafa shi. Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla, ya kuma ambaci isarsu har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Philip Shea, a kundin digirinsa na 1975 a Jami'ar Wisconsin, ya nuna yadda laso, watau simintin da ake haɗawa da katsi, ya ba marinan Kano damar gina rijiyoyi masu zurfi maimakon tukwane, aikin ya zama na maza, na fatauci, mai yawa. A ƙasar Yarabawa kuwa ya zauna a tukunya, a hannun mata.

Abin lura shi ne yadda sana'o'in biyu suka fuskanci zamani. Rijiya da ta ci kwanaki kafin babanta ya nuna ba ta iya tsere da robar da aka zuba wa soda da sinadarin haidirosalfait, wadda ke shirya rini kafin a sha ruwa. Marinan Abeokuta sun bar tukunya sun kama roba, suka karɓi kaki da launi, sana'arsu ta rayu, kasuwar Itoku ta cika, ko da yake hannuwansu da magudanan ruwan unguwanninsu sun biya kuɗin sodar. Karofin ƙasar Hausa kuwa akasarinsu sun cike da ƙasa. Na Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa an kafa shi a 1498, ya rage, amma rijiyoyinsa da yawa ba sa aiki, kuma abin da ya fi fita a can yanzu yadin ƙulli ne mai fari da shuɗi, watau abin da ya fi kusa da oniko fiye da turkuɗi. Rinin shadda mai launuka da ake yi a unguwannin Kano kuwa a roba da tukunyar ƙarfe ake yinsa. Saboda haka mai nazarin da ya yi saurin kiran kampala lalacewar adire, ya kamata ya tambayi kansa me ya rage na sana'ar da ba ta lalace irin wannan lalacewa ba.

Akwai kuma gyaran da ya rataya a wuyan masu harshen. Hausa tana da kalmomi masu yawa na rinin rijiya, baba da shuni da katsi da zarta da muciya da bugu, amma ta tsaya a kan aro guda biyu, adire da kampala, ga duk abin da aka yi wa ado da kariya. Ba laifi ba ne a yi aro. Laifin shi ne kalmomin biyu ba sa rarrabe komai, har ana kiran bugun inji da su. Da za a ce rinin kariya ga dabarar gaba ɗaya, sa'an nan a raba ta zuwa rinin ƙulli da rinin ɗinki da rinin talge da rinin kaki, da malami ya sami abin koyarwa, kuma kowace kalma ta faɗi yadda aka yi aikin, kamar yadda oniko da alabere da eleko da alabela ke faɗa a Yarabanci.

Rarrabewar ba ta masana kaɗai ba ce, ta shafi aljihu. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, yadin waje ya mamaye kasuwa. A 'yan shekarun nan marinan Abeokuta suna ta kuka da yadin da ake bugawa da inji a ƙasar Sin, wanda ya kwaikwayi adonsu har da tsagar kakin, ana sayar da shi da araha da sunan adire. Kalmar gargajiya ba ta kare su daga wannan ba, hasali ma ita ce tambarin da mai kwaikwayon ya fi so, domin ba ta tambayar yadda aka yi abu, kamanninsa kawai take kallo. Mai saye a kasuwar ƙauye irin ta Kakangi, wadda ba ta da mai gaya mata daga inda yadi ya fito, hanyar ganewa tana hannunta. Ta juya bayan yadin: rinin kaki na hannu launinsa ɗaya ne gaba da baya, bugun inji mai araha kuwa bayansa ya fi kodewa. Ta shimfiɗa shi ta bi jijiyoyin tsagar da ido: a aikin hannu babu biyu da suka yi kama, a na inji kuwa tsaga guda za ta sake dawowa, da reshenta da lanƙwasarta, bayan kowane kamu biyu ko uku.